Me ya sa hayaƙin wani icce yake wari?

A ƙauyukan yammacin Zamfara irin Tungar Guru, mai girki ta san iccenta tun daga ƙamshi. Marke da ƙirya su ne sarakunan murhu: wuta mai ƙarfi, garwashi mai daɗewa, hayaƙi kaɗan. Amma rashin tsaro a yankin Anka, Gummi da Bukkuyum ya sa shiga daji neman irinsu ya zama kasada, sai a koma ga abin da ke bayan gida, wato darbejiya da tumfafiya.

Darbejiya akwai ɗaci a jikinta, hayaƙinta kan kama tuwo. Tumfafiya kuwa farin nononta guba ne, hayaƙinta yana sa yajin ido da tari. Babban mai laifi dai ɗanyen icce ne: ruwan cikinsa yana hana wuta ci sosai, sai hayaƙi ya turnuƙe. In aka hura da leda kuma, abin ya ƙara muni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, irin wadda hayaƙin girki ke haifarwa, ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. A faskara icce, a shanya ya bushe, a girka a sarari, a kuma sauke goyo nesa da murhu.