Ɗakin Ɗinki a Gida Ba Sai da Kuɗi Masu Yawa Ba

Yau hirarmu ta masu ɗinki a gida ce.

Ni da na fara, Butterfly ɗin ƙafa gare ni a lungun ɗaki, kayan mutane jibge a kan gado. Saura kwana uku Sallah na yanka atamfar wata baiwar Allah da awon wata daban. Wallahi sai da na biya turmi guda daga aljihuna.

Washegari na jawo keken zuwa bakin taga. Hasken rana kyauta ne, kuma baƙin zare a kan baƙin yadi ba ya ganuwa da fitilar waya. Kayan kowace kwastoma yanzu ledarsu daban, da takarda mai sunanta, awonta da ranar karɓa. Wannan kam ko sisi ba ya ci.

Maɓallai da zif suna cikin gwangwanayen madara. Zare kuwa, ƙusoshi na kafa a jikin katako na jera shi kala-kala.

Almakashin yadi dai ku rataye shi sama. Yara suka samu suka yanka kwali da shi, sai kun nemi mai washi.