Ƙotar Bindiga: Aikin Da Ba Ya Son Gaggawa A Samarun Kataf

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai maharban Samarun Kataf su sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. Garin yana cikin ƙasar Atyap, watau Katab, ba nisa da Zonkwa, hedkwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf a Jihar Kaduna, kuma farautar rani tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Shi ya sa a bikin Afan, wanda ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu kowace shekara, maharba suna cikin waɗanda jama'a ke ɗokin kallo.

Bindigar da aka fi sani a ƙauyuka ita ce harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Danmak, domin fataken ƙasar sun daɗe suna sayar da irinta a gaɓar tekun Gana kafin su sayar wa Ingila ganuwoyinsu a cikin 1850. Maƙeri shi ke da aikin ƙarfe, amma ƙota, watau icen da ke riƙe da bututu da kunama, aikin masassaƙi ne. Mutane da yawa ƙarfen kaɗai suke dubawa, alhali kuwa ƙotar ce ke karɓar dukan da bindiga ke yi in ta tashi.

Ba kowane ice ake sassaƙa ƙota da shi ba. Ana neman mai ƙarfi wanda ba ya saurin tsagewa, kamar maɗaci ko kanya. Turawa kuwa da icen walnat suka fi yi. Kowanne aka samu, wajibi ne ya bushe sarai a inuwa, gama ɗanyen ice yakan kantare bayan an ɗaura masa ƙarfe, bindiga ta daina bin saiti.

Bayan gizago ya fid da siffa, sai a kankare da fasasshiyar kwalba ko wuƙa, sa'an nan a bi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. A kullum ana bin tsawon icen ne, ba a gicciye shi, domin zanen da aka yi a gicciye mai ba ya ɓoye shi, sai ma ya ƙara fito da shi. Daga nan a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan zai ta da ƙananan zarurrukan icen, in ya bushe a sake bi da samfefa mai laushi. Wanda ya tsallake wannan, raɓar farko da ta taɓa ƙotarsa za ta mai da ita kamar harshen kyanwa.

Wajen shafa mai ne ake gane gwani. Man kaɗe yana hana ice shan ruwa, amma ba ya bushewa, don haka sai an riƙa sabuntawa. Man linsid, wanda masu fenti da kafintoci suka sani, shi yakan shiga cikin ice ya daskare. Ɗan ɗigo kaɗan ake zubawa a tafin hannu, a murza har icen ya yi ɗumi, a share ragowar, a jingine ƙotar kwana ɗaya ko biyu kafin a ƙara. Haka za a yi ta yi har makonni. Wanda ya kwarara mai da yawa don ya gama da wuri, ƙota mai danƙo zai samu, ta yi ta kama ƙura. Tsumman da ya sha linsid kuwa kada a dunƙule shi a jefa a lungu, domin yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili.

Babban kuskure shi ne shafa baƙin man mota. Yakan jiƙa icen ya raunana shi, musamman a wuyan ƙota, bayan kunama, inda ya fi siranta. Nan ne tsaga take farawa, kuma hunturu yakan buɗa ta bayan damina ta kumbura icen. Ƙotar da ta karye a lokacin harbi, fuskar mai ita da hannunsa ne ke kusa.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan wajen 1927, mutanen wannan yanki suke gangarawa Inugu da Fatakwal da Ikko neman abinci, da yawa kuma sun bar bindigar gado a rataye a ɗaki. Ya kamata duk wanda zai je gida hutun ƙarshen shekara ya sa a duba ta: a tabbata ba ɗure a ciki, a dubi wuyan ƙota, a ga ko gara ta taɓa. Kada kuma a manta Dokar Makamai ta 1959 ta haɗa har da harba-ka-ruga, saboda haka a nemi bayanin lasin wurin 'yan sanda kafin a fita da ita daji. In an ga tsaga, a kai wa masassaƙi ya sake sabuwar ƙota, kada a ɗaure da waya a miƙa wa yaro.