Maganin rage kaifin ƙanjamau da tasirinsa ga lafiyar masu ɗauke da cutar a Karaye da Rogo

Ƙwayar cutar HIV tana farautar wasu ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda likitoci ke kira CD4. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500 a ɗan ƙanƙanin ma'aunin jini da ake gwadawa. Idan suka gaza 200, garkuwa ta karye, sai tarin fuka da gudawa da rama su samu ƙofa. Wannan matakin ne ƙanjamau, kuma tarin fuka ya fi kowace cuta kashe waɗanda suka kai shi.

Maganin ba ya kawar da ƙwayar cutar daga jiki, hana ta hayayyafa yake yi. A 1996 aka tabbatar cewa haɗa magunguna uku yana danne ta. Najeriya ta fara shirinta na ƙasa a 2002, aka mayar da maganin kyauta a 2006, daga 2016 kuma ana ɗora mutum a kansa da zarar gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar. Yau akasarin manya ƙwaya ɗaya suke haɗiya a rana, wadda ake kira TLD.

Wanda ya riƙe ta, cikin wata shida yawanci ƙwayar cutar takan ragu har na'ura ta kasa ganin ta a jini. Cin abinci ya dawo, jiki ya murmure, manomi ya koma gonarsa. Idan da wuri aka fara, tsawon rayuwarsa yakan yi kusa da na kowa, kuma matuƙar cutar na danne ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure. Sanin wannan ya ƙara muhimmanci tun da Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure a 2024. Ga mai juna biyu, haɗarin jariri ya kamu yakan kai kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari in babu magani. Da magani sai ya sauko ƙasa da kashi 5.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cutar ba ta yi yawa a Kano kamar a wasu jihohin kudu ba, amma inda abu ya yi ƙaranci a nan aka fi ɓoye shi. A ƙauyukan Karaye da Rogo kowa ya san kowa, kunya takan sa mutum ya tsallake asibitin da ke kusa ya nufi Kano ko Zariya, kuɗin mota kuwa ba kullum ake da shi ba. Da damina aikin gona kan cinye ranar karɓar magani, da rani ɗan cin rani ya yi kudu kwalbar maganinsa ta ƙare a hanya. Wani kuma, da ya ga ya yi ƙiba, sai ya ɗauka ya warke, ko mai maganin gargajiya ya ce masa ya daina. Daina shan maganin ne kuskure mafi tsada: cikin 'yan makonni ƙwayar cutar takan farfaɗo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko.

Shi ya sa ake ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a tafiya ɗaya, matafiyi kuma yana iya karɓar takardar canjin asibiti. Azumi ba ya hana sha, tunda ƙwaya ɗaya ce, a mayar da ita dare da shawarar likita. Mai shan maganin tarin fuka ko na ƙarin jini sai ya sanar da likita, domin sukan rage ƙarfin TLD idan ba a daidaita yadda ake shan su ba.