Filin Mata: Me Yaranmu Su Ke Gani a Sinimar Rushewar Duniya?

 

Uwargida, na san kin sha leƙa ɗakin samari bayan isha'i, ki tarar sun haɗa kai a kan waya guda, ba mai ko tari. In kin miƙa wuya sai ki ga hamada fetal, ba gari ba gona, ga motoci suna bin juna ana harbe-harbe. A da, kakanninmu su kan taru a ƙofar fada su kalli majigi mai koyar da tsabta da noma. Yau majigin ya shiga aljihu, kuma darasinsa ya sake. To, kafin ki ƙwace wayar, bari mu san abin da ke ciki.

Shahararre a cikin irin wannan sinima shi ne Mad Max, wanda ya fito a Ostireliya a 1979. Mai shirya shi, George Miller, likita ne, ya ga waɗanda suka yi hatsarin mota birjik a asibiti. Kuma duniya ba ta daɗe da shan wahalar man fetur ta 1973 ba. Sai aka ƙaga labarin zamanin da hukuma ta raunana, mutum ya kan kashe ɗan'uwansa saboda mai.

A 2015 ya fito da Fury Road, wanda aka ɗauki yawancinsa a hamadar Namibiya, har ya ci lambar Oscar 6. A cikinsa wani azzalumi ya mallaki ruwa a bisa dutse, ya kan saki kaɗan, talakawa na ƙasa suna turereniya da ƙwarya da kwano. Sai wata mace mai hannu ɗaya, Furiosa, ta gudu da matansa biyar a cikin tankar mota.

Me ya sa yara su ke sonsa? Na farko, tsoron da ke ciki ba baƙo ba ne gare mu. Tsofaffinmu ba su manta farin 1973 ba, sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka mutu. Mu kuma mun ga ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadamun Kabi, mun ga tsadar mai ta 2023. Yaro yana jin zancen nan a gida, ga na 'yan bindiga. In ya kalli sinima sai ya ɗanɗani tsoron yana zaune lafiya a kan tabarma, in an gama ya tashi ya sha fura.

Na biyu, saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, zuciyarsa ta kan yi sanyi in ya ga marar gata ya kā da mai ƙarfi. Na uku kuwa, gudu da ƙara, don ƙuruciya ba ta son abu mai sanyin jiki.

Amma fa akwai illa. A Ingila ba a yarda wanda bai kai shekara 15 ba ya shiga sinima kallon Fury Road. Mu nan sai ki ga ɗan shekara shida a tsakiyar yayyensa, da dare ya farka da kuka. Wanda kuwa ya saba ganin jini kullum, ana tsoron tausayi ya ragu a zuciyarsa. Wani ma ya kan hau babur ya ce shi ne gwanin, sai a ɗauko shi da karaya.

Shawarata ita ce, ƙanana a raba su da shi sam, ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Manyan kuwa hani kaɗai ba ya isa, don su kan koma gidan kallo. Ki zauna da su wata rana, in an gama ki tambaye su: wa ya ceci mutanen nan?

In sun ce mai bindiga, ki tuna musu da wata tsohuwa a cikin labarin, wadda ta ke yawo da jakar iri ko'ina, tana jiran ranar da za ta sami ƙasa mai kyau. Ki tuna musu kuma a ƙarshe mata ne suka buɗe ruwan, kowa ya sha. Sa'an nan ki nuna musu tulun da kaka ta ke ajiye irin wake a cikin toka, wanda ko ana yunwa ba ta yarda a taɓa shi. Da irin wannan tulu ne garuruwanmu suka tashi bayan kowane fari.

Ku kuma 'yan makaranta, kada abin da za ku ɗauka ya zama faɗa. Yarinyar da ta koyi aikin jinya ko noma ko haƙar rijiya, ita ce gari zai nema ranar wuya.

Allah ya kiyashe mu da ganin wannan rana, ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.