Harin Maraɗawa

Harin Maraɗawa shi ne salon yaƙin da mayaƙan Katsinar Maraɗi suka riƙa amfani da shi a kan garuruwan masarautar Katsina da maƙwabtanta a ƙarni na 19. Dabara ce ta mahayan dawaki wadda ta dogara ga sauri, da sanin daji, da mamayar mutane ba su shirya ba, sannan a janye kafin taimako ya iso. Manufarta ita ce kama mutane da dabbobi da raunana abokin gaba, ba cin gari a zauna cikinsa ba. Tsoron wannan hari ya shafi yadda aka gina garuruwa da yadda aka yi noma da fatauci a tsakiyar ƙasar Katsina, har da yankin Kankiya da Kusada.

Ma'anar kalma

Hausa ta bambanta hari da yaƙi. Yaƙi shi ne fitar babbar runduna, sau da yawa da sarki a cikinta, a kafa sansani, a ja dāga, a yi gaba da gaba. Hari kuwa ƙaramar ƙungiya ce ke kai shi, a ɓoye, cikin ɗan lokaci. Wanda ya kai shi sunansa mahari, jam'i mahara. Akwai kalmomi na kusa da shi kamar farmaki da samame da sukuwa.

Wasu kalmomin kayan yaƙin aro ne. Lifidi ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin matsattsen ulu, bindiga ma daga Larabci take, haka nan ribaɗi. Kwanton ɓauna kuwa Hausa ce tsantsa: an ɗauko ta daga halin ɓauna, wadda idan maharbi ya yi mata rauni takan ɓuya a gefen sawunta ta jira shi.

Asalin rikicin

A shekarar 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Haɓe Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, sauran 'yan gidan sarautar suka bi Ɗan Kasawa zuwa Damagaram. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, kimanin kilomita 90 arewa maso yamma da Katsina, yana riƙe da sunan Sarkin Katsina. Shi da magadansa suna ganin birnin nasu ne da aka ƙwace.

A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Maraɗi Rauda ya mutu. Wannan karo ya nuna cewa ja da dukan rundunar Daular Sakkwato a fili abu ne mai wuya. Magajinsa Ɗan Mari ya gwada wata hanya a farkon shekarun 1840, ya haɗa kai da mutanen yankin Ruma suka yi tawaye, faɗan ya kai har Matazu, maƙwabciyar Kankiya. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe tawayen da tsanani, garuruwa da yawa na yamma suka zama kufai, daji ya cinye su. A 1844 Sakkwato ta tuɓe Siddiku. Daga nan hari ya zama babban makamin Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, kuma dajin da yaƙin ya haifar ya zame wa mahara mafaka da hanya.

Mayaƙa da makamai

Ƙashin bayan hari su ne barade, mahaya marasa nauyin kaya. Suna riƙe da mashi da takobi da garkuwar fata, wasu da sulke a ƙarƙashin riga. Dokinsu ba ya ɗauke da komai sai sirdi da ɗan guzuri, saboda haka yana iya cin doguwar tafiya a dare ɗaya.

'Yan lifidi su ne masu nauyi. Doki da mahayi duk a lulluɓe suke da rigar auduga mai kauri wadda ke tare kibiya, mahayin kuma da kwalkwali. Amfaninsu yana wurin fasa sahun abokan gaba da tsaron sarki. Lifidi yana gajiyar da doki da wuri, yana kuma kama wuta, don haka ya fi dacewa da yaƙi fiye da hari.

Dakaru, wato mayaƙan ƙasa, yawancinsu 'yan baka ne masu harbi da kibiya mai dafi, wanda ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani. Ko ƙaramin rauni daga irin wannan kibiya yana iya kashe doki. Bindiga ta ƙaru a rabin ƙarshe na ƙarnin, amma ɗurinta yana cin lokaci, kuma ba ta kawar da doki da baka ba.

Jagoran mayaƙan doki a tsarin sarautar Katsina shi ne Kaura. Da aka rabu, kowane ɓangare ya ci gaba da naɗa nasa. A ƙarshen ƙarnin Kaura Hasau na Maraɗi ya yi suna da hare-hare masu nisa, har ƙarfinsa ya kai yana da ta cewa kan wanda zai hau gadon sarauta. A Katsina ta yau Kaura shi ne hakimin Rimi.

Matakan hari

Lokaci. An fi kai hari bayan kaka zuwa cikin rani. A lokacin rumbuna sun cika, koguna sun ƙafe, ƙasa ta bushe yadda doki zai yi gudu, manoman da ke zama dakaru kuma sun gama aikin gona. Da damina laka da ambaliya da cututtukan dawaki suna hana tafiya.

Leƙen asiri. Kafin a tashi sai an san inda rijiyoyi suke, da ƙauyen da ba shi da ganuwa, da ko mayaƙan gari suna nan ko sun fita. Mafarauta da mutanen da suka taɓa zama a yankin su ne jagorori.

Tafiya. Akan bi daji a kauce wa manyan hanyoyi, a yi tafiyar dare, a ɓuya da rana, domin ƙurar dawaki tana tona asiri daga nesa.

Faɗawa. Lokacin da aka fi so shi ne asuba, ko hantsi bayan an buɗe ƙofofi mutane sun watsu zuwa rijiya da kiwo da itace. Wani kashi na mahaya yakan shiga tsakanin mutane da ƙofar gari don kada su koma ciki, sauran su yi kamu. A ƙauyen da ke da jinka akan sa wuta domin a rikita masu kāriya.

Janyewa. Nan ne hari yake da rauni. Mahara sun zo da saurin doki, amma za su koma da saurin bayi da shanun da suka kora. Saboda haka sukan canza hanya, su bar zaɓaɓɓun barade a baya su yi wa masu bin sawu kwanton ɓauna. Wani lokaci sukan yi kamar sun gudu don su jawo mayaƙan gari nesa da ganuwa, sannan su juyo musu.

Yadda aka kāre kai

Doki ba ya hawa katanga, mahara kuma ba su da lokacin zaman kewaye gari. Don haka babbar kāriya ita ce ganuwa da gwalalo, da sarƙaƙiyar ƙaya da ake bari a bakinta domin ta tilasta wa mahayi bin siririyar hanya inda 'yan baka ke jira. Garin da bai kai ga ganuwar ƙasa ba yakan yi kafi da itatuwa. Sunayen Kafin Soli da Kafin Dangi a ƙaramar hukumar Kankiya suna ɗauke da wannan kalma har yau.

Muhammadu Bello ya ƙarfafa kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu. Manoma sun riƙa yin gona kusa da gari, masu gadi a kan ganuwa ko bisa dogayen itatuwa suna duban ƙura, da an gan ta a buga ganga kowa ya sheƙo. Fatake kuma sukan jira juna su tafi cikin babban ayari.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ga alamun wannan zama a farkon 1851. Ya ratsa dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina, inda ya wuce kufan Ɗankama, sannan ya bi ta Kusada a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Bayaninsa ya nuna bambanci tsakanin bakin iyakar arewa da yaƙi ya kore wa mutane da ƙasar kudu da birni mai gonaki da garuruwa.

Mugu ko gwarzo

Sunan da mahari yake samu ya danganta da bakin da ke ba da labari. A garuruwan da aka kai wa hari, Bamaraɗe shi ne mugun da ya raba uwa da ɗa. A Maraɗi kuwa shi ne barden da ya ƙi miƙa wuya, makaɗa suna yi masa kirari. Mayaƙan Katsina su ma sun riƙa kai irin wannan hari arewa, da dabaru iri ɗaya. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa a ɓangarorin biyu su ne talakawa: wanda aka kama, ko danginsa su tara dukiya su fanshe shi, ko a sayar da shi a kasuwa mai nisa. Littafin Baba of Karo na 1954, tarihin rayuwar wata Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya bayyana yadda kamu da fansa suka shafi iyalai a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa.

Ƙarshensa

Turawan Ingila sun karɓi Katsina a 1903, Maraɗi kuma ta faɗa hannun Faransa. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin ƙasashen biyu suka tsayar da iyakar da ta raba Najeriya da Nijar, aka hana kamun bayi, harin dawaki ya mutu. Mutane suka fara fita daga ganuwa suna kafa ƙauyuka a dazukan da dā ake tsoro. Lifidi da sulke da kwalkwali sun koma kayan hawan salla. Kalmar hari dai tana nan da ranta, kuma a yau ita ake amfani da ita wajen ba da labarin farmakin 'yan bindiga a garuruwan da ke kewaye da dajin Rugu.