Ajiyar wa'adi: guzurin tsufa ga 'yan kasuwar Matamaye

Ma'aikacin albashi yana da fansho, ko daga gwamnati ko daga asusun CNSS. To, mai tuyar ƙosai fa, da mai saro rake, da mai safarar kaya ta Ɗan Barto zuwa Daura? Ranar da ƙarfi ya ƙare, ciniki ya ƙare.

Matanmu sun san adashi, sun san asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991. Amma kuɗin adashi na jari ne da biki, ba ya kwana. Guzurin tsufa kuwa yana son inda hannu ba ya saurin kaiwa.

Nan ne amfanin ajiyar wa'adi, wadda ma'aikatan banki ke kira DAT. Za ki ba banki ko asusun ajiya da bashi kuɗinki na wata 6 ko shekara 1 ko fiye, a rubuta ribar da za a ɗora. Misali, jika 200 a kan kashi 5 cikin 100 za su haifi jika 10 a shekara, kafin haraji. In wa'adi ya cika, a sabunta har da ribar. Wadda ta cire kafin lokaci tana iya rasa ribar, shi ya sa ba a kulle jarin kasuwa.

Tsoron jama'a yana da dalili. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990. A Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta. A 2023 naira ta faɗi warwas, takunkumin CEDEAO kuma ya sa cirar kuɗi a banki ta yi wuya. Sai dai tun 2014 ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka kafa asusun lamunin ajiya, mai biyan mutum har zuwa wata iyaka in banki ya karye.

Don haka, kafin sa hannu, tambayi ko gidan yana da izinin hukuma kuma yana cikin asusun lamunin. A karanta miki takardar da Hausa. Ki raba kuɗin: wani wata 6, wani shekara. Mai gudun kuɗin ruwa ta tuntuɓi malami, ta nemi tsarin mudaraba na bankin Musulunci. A kuma sanar da magada inda takardar take.

Da sanyin safiya ake kama fara.