Kada Kasuwar Kirsimeti Ta Cinye Ranar Godiya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 16:13-15, Luka 17:11-19

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, mu dubi wani biki nasu da abin da ya same shi, sa'an nan mu komo gida mu dubi namu.

A shekara ta 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya kai mutum 102 daga Ingila zuwa gaɓar Amurka, wurin da ake kira Plymouth. Waɗansunsu sun bar gida ne domin su sami 'yancin yin sujada yadda suka fahimci Maganar Allah. Sun sauka cikin tsananin sanyi, ba ɗaki, ba rumbu. Kafin sanyin ya wuce, wajen rabinsu sun mutu. 'Yan ƙasar, kabilar Wampanoag, su ne suka taimake su. Wani mai suna Tisquantum ya koya musu shukar masara, da yadda ake binne kifi a gindin shuka don taki. Da kakar 1621 ta yi, suka yi biki na kwana uku tare da sarki Massasoit da mutanensa wajen 90. Abin baƙin ciki, daga baya baƙi suka ƙwace ƙasar masu gida. Shi ya sa tun 1970 waɗansu jikokin 'yan ƙasar suke taruwa a Plymouth don makoki, a ranar da sauran jama'a suke biki.

A shekara ta 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, shugaba Abraham Lincoln ya keɓe Alhamis ta ƙarshe a watan Nuwamba ta zama Ranar Godiya ga ƙasar duka. Mu lura, 'yan'uwa, masu bikin 1621 ba su daɗe da binne mata da 'ya'ya ba, na 1863 kuwa 'ya'yansu suna bakin daga. Duk da haka suka ga akwai abin gode wa Allah. Har yau iyalai sukan yi tafiya mai nisa su taru a gida, su ci talotalo da kabewa. A gidaje da yawa kowa yakan faɗi abin da yake gode wa Allah dominsa kafin a ci. Ba al'adar ba da kyauta a wannan rana.

To, a nan ne kasuwa ta shigo. Biki da ba a sayen kyauta, ribarsa kaɗan ce ga mai kanti, amma Kirsimeti shi ne kakar 'yan kasuwa. A 1939 Alhamis ta ƙarshe ta faɗo a ranar 30 ga Nuwamba. Masu kantuna suka ga kwanakin cinikin Kirsimeti za su ragu, suka roƙi shugaba Franklin Roosevelt, shi kuwa ya jawo ranar zuwa 23 ga wata. Jihohi da yawa suka ƙi, aka yi ta gardama, har majalisa ta tsai da Alhamis ta huɗu a 1941.

Kashegarin Ranar Godiya ita ce Black Friday, wato Baƙar Juma'a. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka baza sunan, saboda cunkoson masu sayayya. A ranar akan karya farashin kaya, mutane su kwana a layi. A 2008 taron masu sayayya ya tattake wani ma'aikacin kanti a jihar New York har ya mutu. Bayan 2010 manyan kantuna suka fara buɗewa tun daren Alhamis ɗin, ma'aikata suna tashi daga cin abinci su tafi aiki. Sai a 2020, lokacin annobar korona, da yawa suka koma rufewa. Amma kayan adon Kirsimeti kam, tun watan Oktoba ake jera su.

Me ya sa waɗannan biyu ba su jituwa? Godiya tana sa mutum ya dubi abin da yake hannunsa. Talla kuwa aikinta ta nuna masa abin da ba shi da shi. Wanda ya zauna ya ƙidaya alherin Allah, da wuya a ruɗe shi da ragin farashi.

Allah ya san zuciyarmu, shi ya sa ya ba Isra'ilawa Idin Bukkoki. Bayan sun tara amfanin masussuka da na wurin matsar inabi, sai su tsaya kwana bakwai suna murna a gabansa, tare da barori, da baƙi, da marayu, da gwauraye. Ya sa wa godiya lokacinta domin kada wani abu ya cinye ta. Mu tuna kuma da kutare goma da Yesu ya warkar. Taran nan ba wurin mugunta suka nufa ba, wurin firistoci za su, kamar yadda aka umarce su. Amma ɗokin abin da yake gaba ya sa suka manta da wanda ya warkar da su. Basamariye ɗaya ne ya komo ya fāɗi a gaban Yesu. Haka ma Kirsimeti abu mai kyau ne, haihuwar Mai Cetonmu ce. Haɗarin shi ne mu ruga gare ta da jakar kasuwa, mu tsallake godiya.

Yanzu mu komo gida. Ikilisiyoyinmu da yawa suna yin godiyar kaka, inda muke kawo dawa, masara, acca, doya da gyaɗa gaban Ubangiji. Amma tun hatsi bai gama bushewa ba, zancen anko, da ɗinki, da buhun shinkafa ya cika gida. Tallar Baƙar Juma'a ma ta iso wayoyinmu. Magidanci yakan sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, don hidimar kwana biyu, sa'an nan a watan Yuli ko Agusta ya saye shi da tsada, ko ya ci bashi. Yara su sha kwalliya a Disamba, a kore su a Janairu saboda kuɗin makaranta. Wannan ba ya girmama Yaron da aka kwantar a komin dabbobi.

Me za mu yi? Da fari, mu ware rabon Ubangiji, da abincin shekara, da iri, kafin mu kai ko mudu ɗaya kasuwa. Na biyu, mu keɓe yamma ɗaya, iyali duka su zauna, kowa ya faɗi abin da Allah ya yi masa bana, da harshenmu na gida, har ƙananan yara. Na uku, mu tuna da gwauruwa, da maraya, da wanda tashin hankali ya hana shi zuwa gona, mu ɗiba musu. Na huɗu, miji da mata su yanke abin da za su kashe a Kirsimeti, kada su wuce shi. Ko gonarka ba ta yi ba bana, ɗan'uwa, kana da rai, kana da Mai Ceto. Komo kamar Basamariyen nan.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka saboda ruwan sama, da ƙarfin noma, da abincin da ka sa a rumbunanmu. Ka gafarta mana gaggawarmu, ka koya mana mu gode kafin mu roƙa. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.